Malam Kallamu Ringim da Injin da Ya Jira Tukunyarsa

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Malam Kallamu Muntaka a garin Ringim, cikin lardin Kano, a daminar shekarar 1921. Mahaifinsa, Muntaka, maƙeri ne da ya gaji sana'ar tun kaka da kakanni, mahaifiyarsa kuwa, Hajaratu, 'yar gidan masaƙa ce daga wani ƙauye da ke bakin kogi. Shi ne na uku a ɗakinsu, amma biyun da suka riga shi ba su yi rai ba, kuma ya daɗe shi kaɗai a gaban uwarsa kafin Allah ya kawo ƙanwarsa Ramlatu a shekarar 1934, bayan an riga an fid da tsammani. Tun daga ranar sunanta ya ɗauke ta tamkar 'yar cikinsa, kuma haka ya riƙe ta har ƙarshen rayuwarsa.

An sa shi makarantar allo yana ƙarami, ya yi sauka yana ɗan shekara goma sha biyar, tsakanin karatun safe da na yamma kuwa yana maƙera yana zuga wa mahaifinsa. Sai dai tun da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta ratsa garin, hankalin yaron ya bar garma da lauje ya koma tasha. Mahaifinsa ya yi faɗa, ya yi duka, ya yi nasiha, duk a banza, daga bisani ya sa masa albarka ya ce ai ƙarfe duk ƙarfe ne.

Koyon aiki da zuwa kudu

A shekarar 1938 ya shiga koyon aiki a ma'aikatar gyaran kawunan jirage ta Reluwe da ke Zariya, wadda ma'aikata ke kira Loko. A can ya ƙware a aikin haɗa sassan inji da daidaita su, ya koyi feƙe ƙarfe, da goge shi da magagari har ya zauna daram a gurbinsa. A can ne kuma ya koyi wata ƙa'ida da ta bi shi har kabari: mai haɗa inji ba ya taɓa tukunyar tururi, maƙerin tukunya kuma ba ya taɓa inji. Kowa da fanninsa, domin tukunyar da aka ƙera da ganganci ba ta kashe mai ita kaɗai.

A shekarar 1944 aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Inugu, garin kwal, ya sauka a unguwar Hausawa ta Asata. Bai yi shekara ba ya fara jin Ibo, ya kuma saba da ruwan sama da ba ya jin magana.

Aure

A shekarar 1947 ya auri Delu, 'yar Alhaji Mijinyawa, wani babban falken albasa da barkono da ya daɗe da kafa rumfa a kasuwar Ose ta Anaca. Delu haifaffiyar Anaca ce, tana magana da Ibo kamar ba ta san wani harshe ba, mace mai tsabta da kaifin baki, wadda ba ta taɓa ganin wani abu ya karkace ta yi shiru ba. Sun zauna shekara arba'in da biyu, ba a taɓa jin ta yi yaji ba, ba a kuma taɓa jin ta bar masa ta ƙarshe a magana ba.

Iyayensa sun rasu a tsakanin wata guda a shekarar 1950, sai ya je Ringim ya taho da Ramlatu. Shekara na zagayowa aka mayar da shi Fatakwal, iyalin suka kama ɗakuna biyu a Diyobu, kusa da kasuwar Mil Wan, inda mahauta da masu sayar da hatsi na arewa suka yi sansani.

Haɗuwarsa da Gimba

A Lokon Fatakwal ya haɗu da Malam Gimba, mutumin Kwantagora, maƙerin tukunyar jirgi, bahago, wanda ya girme shi da shekara shida. Aikin Gimba shi ne ya shiga cikin tukunya ya tare ƙusa da ƙarfe yayin da ake dukan kanta da guduma daga waje, kuma duk wanda ya daɗe a wannan aiki kunnensa tafiya yake yi. A lokacin Gimba yana jin magana in an ɗaga murya. Kafin shekara goma ta wuce ko tsawa aka yi sai dai ya gani a fuskar mutane. A Loko ba a kiran irinsu da baki, sai a ƙwanƙwasa ƙarfen da suke aiki a kai, bugu biyu a jere sannan ɗaya, su ji a hannunsu su waiwayo.

Matar Gimba ta fari ta rasu ba haihuwa, ya daɗe a gwauro yana cin abincin gidan Kallamu, har ranar da Delu ta lura cewa Ramlatu ce kaɗai ba ta gajiya da maimaita masa magana. An ɗaura aurensu a shekarar 1954. Daga wannan rana Gimba, da furfurarsa da komai, ya koma kiran Kallamu da Yaya, kuma da yake ba ya jin ƙarfin muryarsa, in ya ce Yaya a ƙofar gida har mutanen layi na gaba sai sun ji. A shekarar 1957 aka mayar da su duka biyun Inugu, suka kama gidaje a Asata, layi ɗaya ne tsakaninsu.

Ƙera injin

A bayan Lokon Inugu akwai wani tsohon injin tururi wanda ba ya tafiya ko'ina, a girke yake a kan siminti, aikinsa kawai ya juya famfon da ke ɗaga ruwa zuwa tanki. Kallamu ne yake duba lafiyarsa, kuma ya ƙaunace shi fiye da duk kawunan jirage masu gudu da fankama. A shekarar 1959 aka kawo injin lantarki, aka kwance tsohon aka sayar wa masu gwangwan. Kallamu ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki, a rana ta uku ya shaida wa Gimba da hannu da baki cewa zai ƙera irinsa ƙarami, wanda zai zauna a kan faranti, domin 'ya'yansu su san yadda ruwa da wuta suke juya ƙarfe.

Ya kafa rumfar kwano a bayan gida, ya kafa benci. Da yake ba shi da injin feƙe ƙarfe, sai ya sa ido a kan tsohon keken ɗinkin Delu, ya lallaɓa ta har ta ba shi aro, ya cire kan ya bar ƙafar da ake takawa, ya ɗaura mata bel da sandar juyi. Aron nan bai taɓa dawowa ba, kuma Delu ba ta taɓa barin a manta ba. Ya narka tsofaffin kawunan famfo na tagulla ya zuba silinda, ya feƙe fistan da bai fi ɗan yatsa kauri ba, ya zuba wilin da ke juyawa sau uku kafin ya samu wanda ba ya rawa. Gimba kuwa ya ɗauki nauyin tukunya, bisa ƙa'ida. Ya samo guntun bututun jan ƙarfe mai kauri a wurin gwanjo, ya rufe bakunansa biyu, ya jera ƙusoshi layi biyu a karkace kamar yadda ake yi wa tukunyar jirgi, yana farawa daga hagu, yana dandaƙe kan kowace ƙusa har ta yi tsini.

Duk ranar Lahadi bayan azahar suna cikin rumfar nan, manyan magidanta biyu sun duƙufa a kan abin da bai kai tulu girma ba. Maƙwabta suka sa wa wurin suna Ƙaramin Loko. Delu takan leƙo da kwanon abinci ta ce, «Malam, in abin wasan ya ƙare, a tuna akwai ƙofar kicin da ta shekara tana jiran ƙusa.» Haka aka shafe shekara bakwai, domin Kallamu mutum ne da in abu ya kauce da kaurin gashi sai ya sake shi daga farko.

A watan Agusta na 1966 injin ya kammala. Saura tukunya a gwada ta, kuma Gimba ba ya yarda a kai wuta kusa da tukunyar da ba a fara cika ta da ruwan sanyi an matse an ga ba ta tsattsafa ba. Saboda haka ya tafi da ita gidansa, ya cika ta, ya ɗora a kan busasshiyar takarda a ƙarƙashin gado. Injin yana gidan Kallamu, tukunya tana gidan Gimba, ba a taɓa haɗa su ba.

Shekarar tashin hankali

Abin da ya faru a ƙasar nan a shekarar 1966 sananne ne, kuma ba abin alfaharin kowa ba ne. A ƙarshen Satumba jirage suka fara isowa Inugu daga arewa cike da 'yan kudu da aka kashe wa dangi, wasu da raunuka, wasu ba su san inda 'ya'yansu suke ba. Kallamu ya ga wannan da idonsa a tasha, ya dawo gida ya kasa haɗa ido da maƙwabtansa. Gari ya ɗau zafi, aka fara farautar 'yan arewa, hukuma ta ce duk wanda ba ɗan yankin ba ne ya tattara ya tafi. A farkon Oktoba aka tara Hausawan Asata a tasha, 'yan sanda na gadinsu, kowa da abin da hannunsa ya iya ɗauka.

Kallamu ya naɗe injin a cikin zannuwan Delu ya sa a akwatin ƙarfe. Suna zaune a tarago, mata da yara a matse, sai ya dubi Gimba ya zana masa siffar tukunya da hannu, yana tambayar ko ya taho da ita. Tambaya ce kawai, Allah ya sani. Gimba ya dafa kai, ya duba agogon tasha, ya nuna cewa yanzu zai dawo, kafin wani ya farga ya sauka ya bi ta hanyar ma'aikata da ya sani a bayan Loko. Haƙiƙa babu mai hankalin da zai koma cikin garin da ake neman ransa saboda guntun bututu, sai wanda ya shekara bakwai yana dandaƙe ƙusoshinsa.

Jirgin ya yi usur ya motsa kafin lokacin da aka faɗa. A daidai nan suka hango Gimba ya dawo, da ƙunshi a hammata, ya ba su baya yana leƙa tagogin wani jirgi da ke tsaye a ɗaya layin. Ramlatu ta kira sunansa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka ɗaura musu aure. Tarago guda ya ɗauka, maza da mata suna kiran Gimba, shi kuwa yana ta leƙe, taga bayan taga. Kallamu ya yunƙura zai dira, mutum huɗu suka danne shi. Haka suka yi ta kallon bayan rigarsa har kwana ta raba su.

Shekarun jira

An mayar da Kallamu Lokon Kano, ya kama gida a Fagge ya zauna da iyalinsa da Ramlatu da 'ya'yanta biyu. Ba wanda ya zo da labarin Gimba, ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Dattawan dangi suka zo daga Ringim suka ce ba a barin mace a rataye, suka matsa har aka kai maganar gaban alƙali gab da azumin shekarar 1966. Alƙali ya yanka wa'adin da shari'a ta tanadar wa matar wanda ya ɓace, wato shekara huɗu. In sun cika ba labari, za a ɗauke shi a matsayin mamaci, Ramlatu ta shiga takaba, a raba abin da ya bari, 'ya'yansa su zama marayu. Da suka fito Ramlatu ta ce wa Kallamu, «Yaya, ni ban ji a jikina ya mutu ba. Kada ka bari su sa ni takabar mai rai.» Ya yi mata alkawari, alhali bai san ta inda zai fara ba.

A watan Yuli na 1967 yaƙi ya ɓarke, hanyar kudu ta rufe. Kallamu ya rame, ya daina raha, ya ɗauki laifin duka ya ɗora wa kansa, ko da yake Ramlatu ba ta taɓa buɗe baki ta ce shi ya jawo ba. Injin yana kan kanta a ɗakinsa, duk Juma'a yakan sauke shi ya ɗiga masa mai, ya juya wilin da yatsa, ya mayar. Wani maƙerin tukunya a Lokon Kano ya ji tausayinsa ya ce zai ƙera masa wata cikin mako biyu. Kallamu ya yi godiya ya ce injin yana da mai tukunyarsa. A ganinsa, ranar da ya karɓi tukunyar wani, ranar ce ya yarda Gimba ya mutu, kuma zai riga alƙali yanke hukunci.

Nema

Yaƙi ya ƙare a watan Janairu na 1970, saura wata tara da 'yan kwanaki wa'adi ya cika. A watan Maris Kallamu ya ɗauki hutu ya tafi Inugu. Ya tarar da gidansa ba ƙofa ba taga, rumfar baya an kwashe kwanonta, ƙafar keken Delu kaɗai ta rage a cikin ciyawa ta yi tsatsa. Tsofaffin abokan aiki da ya samu suka rungume shi, ɗaya daga cikinsu ya ce ya ga Gimba a ranar tare da Obidike, wani maƙerin tukunya ɗan Anaca da suke aiki tare, amma Obidike ya mutu a yaƙi, kuma ba wanda ya san inda iyalinsa suka nufa. A watan Yuni ya tafi Fatakwal, ya bi Diyobu layi layi, ya tambayi mahautan Mil Wan da suka fara dawowa, ya duba asibiti da gidan yari, ya dawo hannu rabbana.

Ya rage wata guda azumi ya kama, Delu ta ce za ta je Anaca ta ga abin da ya rage na rumfar mahaifinta, wanda ya rasu a Kano lokacin yaƙi, kuma ba za ta tafi ita kaɗai ba. Kallamu ya bi ta ba don yana sa rai ba. Sun tarar da garin a ƙone, kasuwar Ose ta koma 'yan rumfunan ganye a bakin kogi. Suna zaune wurin wata mai sayar da dafaffiyar doya, Delu na tambayarta labarin mutanen da, sai matar ta juye ruwa ta kife tukunyarta. A gindin tukunyar akwai faci na jan ƙarfe mai kauri, wanda ya fi ƙarfin tukunyar kanta, an kama shi da ƙusoshi layi biyu a karkace, kowace da kanta mai tsini. Kallamu ya durƙusa a cikin taɓo ya bi su da yatsa daga hagu zuwa dama, har matar ta tambayi Delu ko mijin nata lafiya yake. Da aka tambaye ta wanda ya yi mata facin, ta ce wani bebe ne a unguwar Fege, ɗan 'yar'uwar wata tsohuwa da ake kira Mama Obidike.

Sun same shi a wani kango da aka jingina wa kwano, ya ba ƙofa baya, yana gyaran wani bokiti a kan guntun ƙarfen dogo. Ya tsufa, ya rankwafa, kansa fari fat. Kallamu bai kira shi ba. Ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa ƙarshen ƙarfen, biyu a jere sannan ɗaya. Gudumar ta tsaya a sama. Gimba ya daɗe bai waiwayo ba, da ya waiwayo kuma bakinsa ya yi ta motsi ba sauti, domin rabonsa da magana tun ranar tasha. Abin da ya fara fitowa, da wata murya kamar ta ƙofar da ta daɗe a rufe, shi ne, «Ramlatu fa?» Kallamu ya ɗaga masa kai, ya nuna masa yatsu biyu na yara, ya sake ɗaga kai. Sannan Gimba ya ce, «Yaya, na yanka tukunyar.» A nan Kallamu ya zauna a ƙasa ya yi kukan da bai yi ba a mutuwar iyayensa.

Delu ce ta ji sauran bayani daga bakin tsohuwar. Obidike ya tsinci Gimba a tasha ya kai shi wurin mahaifiyarsa, ya ce a ce ɗan 'yar'uwarta ne kurma kuma bebe, tun da Gimba ba shi da tsaga a fuska, harshensa kaɗai zai tona shi. Da Inugu ta faɗi suka shiga daji tare da sauran jama'a, daga wannan ƙauye zuwa wancan, in tsohuwar ta gaza ya goya ta. Yana salla a zaune a cikin zuciyarsa, ba ruku'u ba sujada. Da yunwa ta yi tsanani ya fara yankar tukunyar yana yi wa mata facin tukwane su ba shi rogo, da wannan ya ci da kansa da ita har jan ƙarfen ya ƙare. Bayan yaƙi yakan hango fataken arewa ya canza hanya, saboda tsohuwar ta makance, 'ya'yanta uku sun tafi ba su dawo ba, kuma yana tsoron abin da maƙwabta za su yi mata in suka gane wanda ta ɓoye.

Gimba ya ce ba zai bar tsohuwar ko na kwana ɗaya babu wanda zai ba ta ruwa ba. Delu ta kwance ɗankwalinta ta sake ɗaurawa, ta ce su tafi, ita za ta zauna. Suka iso Kano ana saura 'yan kwanaki a ga wata, Kallamu ya riƙe hannun surukinsa ya shiga da shi gaban alƙali, aka soke wa'adi. Da suka isa gida Ramlatu ta leƙo ta ga mijinta, ta koma ɗaki ta rufe ƙofa, sai da ta yi wanka ta sa lalle ta ɗaura zanen da ta ajiye a ƙasan akwati sannan ta fito ta durƙusa ta gaishe shi.

Komawa kudu

Bayan salla Ramlatu ta tattara 'ya'yanta ta bi mijinta Anaca, suka gyara kangon suka zauna da tsohuwar. Maƙwabta sun gane gaskiya, wasu sun yi gunaguni, yawanci kuwa tukwanensu na ɗauke da facinsa, maganar ta mutu a nan. Mama Obidike ta rasu a shekarar 1974 a hannun Ramlatu, Gimba ya tsaya a layin 'ya'ya a wurin binne ta.

Kallamu ya nemi a mayar da shi Inugu, aka mayar da shi a 1971, ya sake kafa rumfar baya. Gimba ya samo wani bututun ya ƙera sabuwar tukunya a Anaca, layin ƙusa bai kauce ba, ya gwada ta da ruwan sanyi yadda ya saba, sannan ya kawo ta Inugu a cikin kwandon albasa. An haɗa ta da injin ranar wata Lahadi a watan Afrilu na 1972, aka zuba ruwa, aka hura gawayi a ƙarƙashi, yaran gidajen biyu da na maƙwabta sun cika tsakar gida. Da Kallamu ya buɗe wa tururi hanya, abin da injin ya fara yi shi ne ya feso ruwan zafi da baƙin mai a zanen Delu. Ya taɓa wilin da yatsa, ya yi jinkiri kamar ba zai tashi ba, sai ya kama juyawa, yana numfashi a hankali irin na tsohon da aka kwance a bayan Loko. Gimba ba ya jin komai, saboda haka ya durƙusa ya kafa goshinsa a kan katakon da injin ke kai, ya rufe ido, ya daɗe a haka. Delu ta gama goge zanenta ta tambaya, «To, Malam, yanzu me zai niƙa mana?» Kallamu ya ce ba zai niƙa komai ba. Ta ce ta san haka tun ran da aka karɓi kekenta, ta juya ta shiga kicin tana share ido.

Ƙarshen rayuwa da rasuwa

Malam Kallamu ya yi ritaya a shekarar 1976, daidai lokacin da kawunan jirage masu tururi suke ƙarewa a ƙasar. Ya sauke farali a 1978 tare da Delu. Sauran shekarunsa ya yi su tsakanin masallacin unguwa da rumfar baya, yana gyara wa jama'a famfo da fitila ba ya karɓar lada, kuma duk wata yakan hau mota zuwa Anaca ya kwana biyu a gidan ƙanwarsa. Ba ya hura injin sai Gimba na nan, saboda a wurinsa mai tukunya ne ke da ikon wuta.

Ya kwanta ciwon ƙirji a farkon damina, Allah ya karɓi ransa ranar Talata da hantsi, a watan Yuni na shekarar 1989, yana da shekara sittin da takwas. An yi masa salla bayan la'asar a ƙofar masallacin Asata, aka kai shi maƙabartar Musulmi ta Inugu, tsofaffin ma'aikatan Loko, Hausawa da Ibo, suka raka shi har bakin kabari. Malam Gimba, yana da shekara saba'in da huɗu, ya ƙi yarda a riƙe shi, ya sauka da kansa ya karɓe shi ya kwantar. Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa makwanci, ya saka masa da alherin da ya yi wa zumunci.

Ya rasu ya bar matarsa Hajiya Delu da 'ya'ya biyar: Muntaka, wanda ake kira Baba, direban jirgin ƙasa a Kafanchan, Sakinatu, mai aure a Fatakwal, Hannatu, ungozoma a Inugu, Zuwaira, wadda ta farfaɗo da rumfar kakanta a kasuwar Ose, da autarsu Baiwa. Ya bar jikoki goma sha tara. Ya kuma bar ƙanwarsa Ramlatu a ɗakin mijinta a Anaca, da 'ya'yanta huɗu, biyu daga cikinsu an haife su bayan yaƙi.